Bajimi da Kurege a Hanyar Tsauni

Ranar da Manaja ya shigo gida da sabuwar motarsa, kyanwar gidan a kan katanga ta wuni. Ba laifinta ba ne. Motar baƙa ce, faffaɗa, ta lafe a ƙasa kamar mai fushi da kowa, kuma in aka tayar da ita har gilasan falo rawa suke yi. Manaja ya fito daga ciki da ƙyar, ya gyara wuyan riga, ya sanar da mutanen gida cewa sunanta Bajimi, kuma ƙarfin dawaki ɗari biyar gare ta.

"Ina dawakin?" in ji matarsa, tana leƙa taga.

"Suna cikin inji."

"To, Allah ya ba su haƙuri. Iyakar tafiyarka daga nan zuwa ofis ce."

Manaja shi ne shugaban wani kamfanin tayil da fenti, kuma ya daɗe da yin imani cewa duk abin da ya fi girma ya fi kyau, tun daga teburin ofis har zuwa tumbi. Ƙanensa Lauya kuwa siriri ne mai bakin tsiya, ko gaisuwa ka yi masa sai ya nemi hujja. Duk ƙarshen mako yakan zo cin abincin rana a cikin wata 'yar jar mota mai kujera biyu da rufin tamfol, wadda dangi kaf suka sani da Kurege. Tun da Bajimi ta iso, ba a ƙara cin abinci cikin kwanciyar hankali a gidan ba.

"Yaya, tsakaninka da Allah, ka taɓa taka totur ɗin nan har ƙasa?"

"Ba sai na taka ba. Sanin yana nan ya ishe ni."

"Wato ka haƙa rijiya, kana shan ruwa da cokali."

"Kai kuma an ba ka cokali, kana kiransa rijiya. Motar da mai keke ke wucewa a hawa!"

"Ya wuce ni yana haki, ni ina dariya. Kurege duk abin da take da shi take ba ni, in matse ta iya matsewa, ɗan sanda ko ɗaga kai ba ya yi. Kai in ka ba Bajimi rabin abin da take so, sai dai mu zo dubiya."

A nan matar Manaja kan ture musu kwano ta ce su ci kafin ya huce, tunda dai babu motar da za ta ci musu.

Abin da ba a cika tonawa a teburin ba shi ne, asalin Kurege ta Manaja ce. Ita ce motarsa ta farko, tun yana ƙaramin ma'aikaci mai yawo da samfurin fenti shago-shago. Da aka ba shi babbar kujera, sai ya ga bai dace a riƙa ganin shugaban kamfani yana fitowa daga mota kamar ana zaro shi daga kwandon wanki ba. Ya miƙa wa ƙanensa makulli, ya ce ya raba shi da gwangwanin nan.

Kafin nan kuwa, Kurege motar mutum biyu ce, shi da Auta, 'yarsa ta ƙarshe. Tun ƙafafunta ba sa kaiwa ƙasa in ta zauna yake ɗaukarta su fita bayan gari, inda hanya ke hawa tsauni kwana bayan kwana har zuwa wani fili da ake hango gari duka. Raba tuƙin suka yi a tsakaninsu. Sitiyari da birki da kulochi nasa ne, giya tata ce. In suka doshi kwana sai ya taka kulochi ya ce, "Biyu!" ita kuma ta cafki sandar giyar da hannun hagu, ta ciji leɓe, ta ja. Suna fitowa ya ce, "Uku!" In ta yi gaggawa giyar ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, sai ya ce, "A hankali, ba kokawa kike yi da ita ba. Lallaɓa ta za ki yi." Uwarta ta sha cewa wata rana sai sun dawo mata da giyar a cikin leda. Ba su taɓa ba.

Sai Auta ta girma, aiki ya haɗiye Manaja, Kurege ta koma gidan Lauya. Babu wanda ya ɓata wa wani. Magana ce kawai ta ƙafe a tsakaninsu, ta koma ina kwana, lafiya lau, kin ci abinci, na ci. Yanzu ga shi ta gama karatun injiniya, ta samu aiki a wani kamfanin gyaran jiragen ruwa a ƙasa mai nisa, ranar Lahadi da yamma jirginta zai tashi. Manaja na gaya wa kowa cewa yana alfahari da ita, kuma da gaske yake. Amma tsoro yake ji. Tsoronsa kada yarinyar nan ta tafi, ta riƙa tuna shi a matsayin mutumin da ke tambaya ko ta ci abinci. Ya san tana son mota tun tana ƙarama, shi ya sa ya nemo wadda ta fi kowace ƙarfi. Wannan shi ne ainihin dalilin sayen Bajimi, ko da yake ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Ranar Alhamis da yamma ya tsaya a ƙofar ɗakinta yana kaɗa makulli. Akwatuna a buɗe a ƙasa, takalma a kan gado, ita kuma tana zaune a tsakiya tana naɗe rigar sanyi.

"Auta, ko za mu ɗan taɓa motar nan? Ina so injiniya ta saurara min injin."

"To, Baba."

A cikin gari, dawaki ɗari biyar suka jeru a bayan motar yashi suna tafiyar hawainiya. Duk inda aka yi tudun rage gudu, sai Manaja ya karkace ya hau shi a kaikaice, ido ɗaya a rufe, yana jiran ya ji cikin motar ya gogi ƙasa. Sai da suka kai gindin tsauni hanya ta buɗe. Ya saci kallon Auta, ya gyara zama, ya ba motar wuta.

Bajimi ta yi wani irin gurnani, kujera ta doke su a baya, kafin ya haɗiye yawu ga kwanar farko ta taso musu. Ya danne birki da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Motar ta gyara kanta da kanta, wata 'yar fitila a gaban sitiyari ta ƙifta masa kamar tana cewa na rufa maka asiri. Daga nan bai ƙara gwada ta ba. Ya riƙa taɓa totur da kan babban yatsa, ita kuma tana canza wa kanta giya ba tare da ta nemi shawarar kowa ba.

A nan ne ya lura da hannun Auta. Duk sanda suka doshi kwana, sai hannunta na hagu ya tashi daga kan gwiwarta, ya nufi tsakanin kujeru, inda babu komai sai wurin ajiye kofi, ya ɗan yi lalube, ya koma. Manaja ya ce a ransa, shi ke nan, na tsorata yarinya, abin riƙewa take nema. Don haka ya ƙara rage gudu. Hannun ya sake tashi, ya sake ragewa, har sai da wata motar burodi ta riƙa danna musu hon a baya.

"Ya kika ji ta?" ya tambaya da suka kai sama.

"Tana da ƙarfi, Baba. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya."

Abin da ake ce wa maƙwabci in ya sayi mota ke nan. Suka kalli gari na ɗan lokaci, ta ɗauki hoto da waya, suka juyo.

A kicin ya tarar da matarsa tana goge kofuna. Ya jingina da firiji ya ba ta labari, har da kwaikwayon yadda hannun ke tashi yana komawa. Ta dube shi ta daɗe, irin duban da take yi wa tukunyar da ta ƙone.

"Baban Auta, kai ne fa ake ce wa Manaja. Yarinyar da za ta riƙa shiga cikin injin jirgin ruwa ce za ta ji tsoron motarka? Giya take nema."

Ya ɗago daga jikin firijin.

"Kuma tunda an zo wurin, gara ka ji daga bakina. Ta roƙi Baffanta ya kai ta tsaunin nan a Kurege ranar Lahadi da safe. Ta ce so take ta yi sallama da hanyar."

Wannan ta shige shi sosai. Safiyar ƙarshe ke nan, kuma ƙanensa ne zai same ta, a motar da shi da kansa ya kira gwangwani.

Girman kai rawanin tsiya, in ji masu iya magana, sai dai ba su faɗi wahalar tuɓe shi a gaban ƙane ba. Juma'a ta wuce Manaja na ɗaukar waya yana ajiyewa. Sai ranar Asabar ya shiga Bajimi ya nufi gidan Lauya, ya same shi a tsakar gida da guntun wando da bokiti, yana wanke Kurege kamar mai yi wa jariri wanka.

"Lale da mai dawaki! Ina aka ɗaure su?"

"Aron mota na zo."

Lauya ya ajiye soso a hankali. Da gani ka san ya daɗe yana jiran wannan ranar.

"Wace mota? Motoci suna da yawa a duniya, Yaya. A fayyace wa kotu."

"Kurege."

"Au, gwangwanin?"

"Kai, ka san da wa kake magana?"

"Da mai roƙo. Sharaɗi ɗaya ne, ba yawa. Ka ce ta fi Bajimi daɗi."

"Ba zan yi ƙarya da girmana ba. Bajimi ta fi ta ƙarfi, ta fi ta gudu, ta fi ta birki, ta fi ta sanyin ciki."

"Duk na yarda. Daɗi na ce."

Manaja ya dubi motar. Ga ƙaramar lotsawar nan a ƙofar dama, wadda Auta ta yi da kekenta tun tana firamare. 

"Gobe za ta tafi," ya ce.

Iyakar abin da ya fito ke nan. Lauya ya dubi yayansa, bakin tsiyar ya mutu murus. Ya goge hannu a jikin wando, ya shiga ciki, ya dawo da makulli.

"Ka san wani abu? Tun da ka ba ni motar nan, duk sanda na ɗauki Auta, a kan cinya take ajiye hannuwanta. Na taɓa ce mata ta sa min giya, ta ce ita direba ɗaya take yi wa aiki." Ya danƙa masa makullin. "Giya ta biyu tana da taurin kai da safe. Kujerar kuma iyakar jan bayanta ke nan, sai dai ka ja naka cikin."

Manaja na juyawa ya ga tafin hannu a shimfiɗe a gabansa.

"Me kuma?"

"Ai ba zan zauna ba mota ba. Kawo na Bajimi. Don in ƙara tattara hujja ne kawai."

Saurin da hannun ya rufe a kan makullin ya tuna wa Manaja yadda Lauya ke shafa bayan Bajimi duk sanda ya zaci ba a ganinsa. In ka ga kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.

Ranar Lahadi da safe Auta ta fito ta ga Kurege a ƙofar gida, an naɗe rufinta, ga mahaifinta a cushe a ciki, sitiyari ya nutse a tumbinsa, gwiwoyinsa sun tokare a gefe da gefe.

"Ina Baffa?"

"Baffanki ya samu babban aiki. Shigo."

Ta toshe baki da hannu, amma dariyar ta fi ƙarfinta. Uwarta ta leƙo ta taga ta ce in ya maƙale a kira ta, tana da sabulu.

Ya murɗa makulli, ya saki kulochi kamar wanda aka mintsina, motar ta yi tsalle ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Ya share zufa, ya tayar, ya taka kulochi har ƙasa, ya ɗora hannuwansa biyu a kan sitiyari. Bai dube ta ba.

"Ɗaya," ya ce.

Auta ta miƙa hannun hagu. Sannan ya ji 'yar ƙarar nan, ƙwas, giya ta shiga.

Kurege ba ta san wani abu wai shi tudun rage gudu ba, tsallake su ta riƙa yi tana girgiza su. Ta kutsa ta gefen motar yashi, ta zagaye shataletale kamar an ɗaure ta da igiya. A gindin tsauni Manaja ya yi abin da bai taɓa yi wa Bajimi ba, ya taka totur har sai da ya ji ƙarfe. Injin ya ɗauki kuka kamar keken ɗinki ya fusata, iska ta cika musu baki, duniya ta riƙa gudu ta gefensu. Ya leƙa allurar gudu, ya ga abin da ko mai babur ba zai yi alfahari da shi ba. Bai damu ba.

"Biyu!"

Ƙwas. Kurege ta shiga kwanar ta manne da ita, ya ji kowace tsakuwa a tafin hannunsa.

"Uku!"

Wani gurnani ya taso daga baya, baƙar inuwa ta wuce su fuu. Abin da suka iya gani kawai shi ne Lauya ya ƙanƙame sitiyari, wuyansa a sandare, ko waiwaye babu.

"Allah ya kai Baffa lafiya!" in ji Auta, tana share hawayen dariya.

Ba su kai rabin hawan ba gwiwarsa ta hagu ta ce ita fa ta gama. Shekarun da ta yi tana hutawa a motocin da ba su da kulochi ba su tafi a banza ba. Ya daure kwana ɗaya, ya daure ta biyu, a ta gaba ya gangara gefen hanya ya tsaya.

"Birkin nake so in duba."

"Baba, gwiwarka ce."

"Birkin ma yana so a duba shi."

"Fito mu canza."

Fitowar ta ɗauki lokaci, sai da ta kama shi da hannu biyu. Ya zagaya yana ɗingishi, ya zube a kujerar da bai taɓa zama a kai ba. Ransa ya ɓaci, don ya zaci shi ke nan ya zama kaya. Auta ta ja kujera gaba, ta gyara madubi, ta taka kulochi, sannan ta ɗora hannuwanta biyu a kan sitiyari.

"Ɗaya," ta ce.

Ya dube ta.

"Motar nan ba a tuƙa ta mutum ɗaya, Baba. Giya taka ce."

Bai taɓa sa giya da hannun hagu ba. Ta ɗaya ta shiga da sa'a. Da ta ce biyu, ya fizga da ƙarfin shugaban kamfani, giyar ta yi ƙarar da ta tashi tsuntsaye daga bishiya.

"A hankali," in ji Auta, idonta na kan hanya. "Ba kokawa kake yi da ita ba. Lallaɓa ta za ka yi."

Ya lallaɓa ta, ta shiga.

Daga nan maganar ta ɓalle, a gutsure, tsakanin giya da giya. Ta ce ɗakin da aka ba ta can bai fi kicin ɗinsu ba. Uku. Ta ce ita kaɗai ce mace a sashen, kuma shugabanta ko a waya ba ya dariya. Biyu, Baba, biyu! Ta ce tun da satin nan ya kama ba ta yin barcin kirki, tsoro take ji kada ta je ta kasa, kuma ba ta gaya wa Mama ba don kada ta fara kuka tun yanzu.

"Ranar da aka ba ni kujerar manaja," ya ce, "a banɗaki na ɓuya har aka tashi taro."

"Kai, Baba!"

"Wallahi. Kada ki gaya wa Baffanki."

"Uku."

A sama suka tarar da Lauya zaune a kan dutse, nesa da Bajimi, yana shan iska da baki.

"Tun ɗazu nake nan," ya ce. "Ni kaɗai."

"Ya daɗi?" in ji Manaja.

"Ina zan sani? Rabin hanya addu'a nake yi." Ya waiwayi baƙar motar. "Amma Yaya, yadda take fita daga kwanar ƙarshen nan... A bar min ita zuwa Laraba. Binciken bai kammala ba."

"Riƙe ta har ka gaji."

Ba su daɗe ba, don rana ta fara ɗagawa, ga akwatuna na jira. Suka gangaro, Auta na kira, Manaja na sakawa, har ya fara sanin abin da za ta ce kafin ta faɗa. Kwanar ƙarshe ta sake su a kan miƙaƙƙiyar hanyar da ta nufi gari. Daga nan babu sauran lanƙwasa, sai gida, sai akwatuna, sai filin jirgi.

Auta ta ba Kurege wuta, ta taka kulochi.

"Huɗu."

Hannunsa na kan sandar giyar, bai motsa ba.

"Baba, huɗu."

"Na ji."

Ta dubi hannun, ta dubi fuskarsa. Shi kuwa ya juya yana kallon gonakin gefen hanya kamar an ba shi aikin ƙirga su. Ba ya so su isa, kuma ba shi da wata dabarar hana hanyar ƙarewa sai wannan.

Auta ta saki kulochin a hankali, ta sassauta totur. Ta sauke hannunta na dama daga sitiyari, ta ɗora a kan nasa, ta bar shi a nan.

A uku suka shiga gari, masu keke na wuce su.